Fitilun da Na Ɗaura wa Motar Jatau

Yau idan fitilar mota ta ɗauke, sai ka ga saurayi ya zare ƙwai, ya cusa sabo, ya kakkaɓe hannu ya ce an gama. In ba ta kama ba ya canja fiyus. In har yanzu shiru, ya ce a sayo fitila sabuwa gaba ɗaya. Shi ya sa ku yaran yanzu kuke cewa aikin rewaya, wato gyaran wutar mota, aikin ragwaye ne, ba ɗaga inji, ba kwanciya ƙarƙashin mota cikin baƙin mai. A zamaninmu, shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai, ba a yar da fitila. Gilashinta daban, kwanonta daban, ƙwanta daban, kowanne ana kwance shi a wanke a mayar. Kuma ba a cewa an gama aiki don kawai fitila ta kama. Sai an ga inda haskenta yake faɗawa.

Ni mutumin Maska ne, amma ba a gida na koyi sana'a ba. Fatauken goro na bi zuwa Kumasi ina saurayi, a can na fara riƙe filaya a garejin wani Ba'ashante, na iya yarensu kafin na iya haɗa waya. Daga nan na yi Ikko, na yi Maraɗi, na yi Fallomi, na zauna Hartum shekara biyu a hanyar Makka. Kowane gari da irin motocinsa da irin taurin kan direbobinsa. Motocin Ingilishi na lokacin kan batir mai alamar ƙari suke ɗaurewa a jikin mota, na Faransa da na Jamus kuwa ɗaya kan. Wanda bai san wannan ba ya ƙona dainamon mutane. Na dawo Funtuwa da harsuna biyar da akwatin kayan aiki ɗaya, ina ganin babu sauran wanda zai koya mini wani abu.

Rumfar da na shiga a bayan tasha ta Oga Linus ce, wani dattijo Inyamiri da ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa har da karin magana. Ranar farko ya nuna mini wata babbar mota mai ɗaukar auduga. Da direba ya taka birki sai ƙananan fitilun gaba su yi ja-ja kamar garwashi, da ya kunna sigina sai fitilun baya duka su riƙa ƙiftawa tare. Na kwance makunni, na bi wayoyi tun daga fiyus har baya da ƙwan gwaji, wato ƙwan fitila mai wayoyi biyu da muke taɓa wuri da shi mu ga ko akwai wuta. Ko'ina akwai wuta. Rana ta take, ban gano komai ba.

Oga Linus ya taso daga kan bencinsa da guntun takardar gogewa. Ya kwance ƙusa ɗaya da ta riƙe fitilar baya a jikin bodi, ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure. Komai ya daidaita.

Ya ce, "Malam Habu, ka je Makka ka dawo, ko?"

Na ce, "Na je, Oga."

"To ita ma wutar haka take. Kai tun safe hanyar zuwa kake dubawa. Wa ya duba mata hanyar dawowa?"

Wannan shi ne tushen aikin, ku riƙe. Wuta tana fitowa daga batir, ta ratsa fiyus, ta zo makunni, ta bi waya zuwa ƙwai, ta ƙona siririn zaren da ke ciki ya yi haske, sannan ta koma batir ta cikin ƙarfen motar kanta. In tsatsa ta tare ta, ba ta haƙura, sai ta ɓulla ta cikin wani ƙwan maƙwabci, shi ne za ka ga fitilar da ba a kunna ba tana haske. Fitilar birki makunninta yana jikin abin taka birki. Sigina kuwa, da na fara aiki wani ɗan hannu ne mai haske da yake ɗagowa daga gefen mota, daga baya aka kawo mai ƙiftawa, wadda wani ɗan gwangwani mai ƙarfe a ciki yake katse wa wuta, ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya rufe.

Fitilar gaba ita ce uwar aiki. Ƙwanta zare biyu gare shi. Ɗaya yana tsakiyar kwano mai sheƙi, haskensa ya tafi nesa sambal, shi ne ful. Ɗayan an ɗan gusar da shi an yi masa rumfa ta ƙarfe, haskensa ya sunkuya ƙasa, shi ne dim. Direba yana sauya su da wani maɓalli a ƙasa, da ƙafar hagu. Amma dim ba ƙasa kawai yake sunkuyawa ba, yana karkata gefe ɗaya, wajen bakin hanya, don direba ya ga mai tafiya a ƙasa da jaki da rami, ya kuma kawar da haske daga idon mai tahowa. A lokacin hannun hagu muke bi a ƙasar nan, kamar Kumasi da Hartum, saboda haka dim ɗinmu hagu yake karkata.

Bangon bayan rumfar Oga Linus an shafe shi da farar ƙasa, an ja masa layi da gawayi. Duk motar da aka taɓa fitilarta ta gaba, ko ta wane ce, sai ta jira magariba a tsayar da ita taku ashirin daga bangon, a kunna ful, a kunna dim, a ga inda hasken ya sauka. Direbobi suna ƙorafi, suna cewa Oga ya mai da mota ɗaliba sai ta yi jarrabawa. Shi kuwa sai ya ce rana maƙaryaciya ce, kowace fitila lafiyayya ce da azahar.

Ku fahimci abin da dim yake nufi a wurin direbobin lokacin. Hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi siririya ce, kwalta falle ɗaya, gadoji ƙanana da mota biyu ba sa gittawa a kai sai da dabara. In manyan motoci biyu suka hango juna bayan faɗuwar rana, ƙarami a sana'a shi yake fara yin dim, babba ya amsa. Gaisuwa ce. A Ikko na ga direbobi suna zagin juna da ham, a Hartum da hannu suke yi, amma a nan wanda ya ƙi yi maka dim kamar ya wuce ka ne a zaure bai yi sallama ba. Akan kai ƙararsa wurin sarkin direbobi, kuma wanda aka sani da wannan hali ba mai tsayawa ya taimake shi in ya yi faci a daji.

Sai shekarar tashin hankali ta zo, wadda mutanen gabas suka bar Arewa. Ba zan tsaya a kanta ba, waɗanda suka gani sun sani. Oga Linus ya miƙa mini makullin rumfa da safe, ya ce in kula da bangon kada damina ta wanke layin. Ban sake jin labarinsa ba. Da su aka tafi da rabin sana'ar garin, don masu shagunan kayan mota nasu ne, masu naɗin dainamo nasu ne. Kaka ta yi, aka buɗe fuloti, wato kasuwar awon auduga, motoci suna jigila daga ƙauyuka zuwa injin gurza ba dare ba rana, rewaya kuwa a bayan tasha saura ni kaɗai. Motoci sukan yi layi har bakin titi. Kayan gyara sai abin da 'yan kasuwa suka ɗauko daga Maraɗi ta Jibiya.

Ranar wata Laraba Jatau ya kawo motarsa da fitilun gaba duka biyu a farfashe, reshen ɗorawa ya faɗo musu a hanyar Mahuta. Jatau mutumin Gozaki ne, kakanninsa Maguzawa, ubansa ya shiga addinin mishan, sunansa na coci Yohanna amma ba mai kiransa da shi a tasha. Shekararsa tara yana jan motar Alhaji Mamman, wani dillalin auduga, bai taɓa ko taka kaza ba. Direbobi suna tsokanarsa da cewa ko keke ya hango sai ya yi masa dim. Motar nan ita ce abincinsa da na gidan ubansa.

Alhaji ya aiko da fitilu biyu sababbi a kwali, rubutun Faransanci a jiki. Na karanta rubutun ma, ina nuna wa Jatau na iya. Na faɗaɗa mazauninsu da zarto, na like wayoyi da dalma, na kankare inda za su kama bodi. Ful ya kama, dim ya kama. La'asar ko yi ba ta yi ba.

Jatau ya ce, "Rewaya, ba za mu jira bango ba?"

Na ce, "Ka ga layin da ke bayanka? In kowa zai jira bango sai auduga ta tsiro a fuloti. Sababbi ne fil, daga kwali. Tafi abinka."

Ya yi dariya ya ce, "Oga ya tafi, ɓera ya zama sarkin rumbu." Ya ja mota.

Bayan kwana huɗu ya dawo. Ya ce, "Malam Habu, duba mini dim ɗin nan. Duk wanda na haɗu da shi, ina yi masa dim sai ya watso mini ful a ido. Jiya har wani ya leƙo ya yi mini daƙuwa. Ni me na yi wa mutane?"

Da hantsi ne. Na sa ya taka maɓallin ina tsaye a gaban mota, na kare gilashin da hulata, na ga zare ɗaya ya mutu ɗaya ya kama, yadda ya kamata. Na ce masa lafiyarsa lau, sabuwar fitila ce ta fi tsofaffin nasu haske, hassada ce kawai. Na koma kan dainamon da nake naɗi.

Ba a yi mako ba labari ya iso tasha. Bayan magariba, a wata ƙaramar gada kafin Malumfashi, Jatau ya haɗu da Shehu Dogo, wani tsohon direba da ya ɗauko lodi. Haske ya rufe wa Shehu ido, tayarsa ta zame daga bakin gada, mota ta kwanta a rafi. Allah ya kiyaye rai, amma hannunsa na dama ya karye wuri biyu, kuma bai sake miƙewa daidai ba. Jatau ne ya ciro shi, shi ya kai shi asibiti. Duk da haka abin da Shehu ya fara faɗa da ya farfaɗo shi ne, "Na yi masa dim sau uku, ya ƙi amsawa."

Aka zauna a rumfar sarkin direbobi, Malam Garba, washegarin kasuwa. Alhaji Mamman yana nan, direbobi sun cika. Mutum biyar suka tashi suka ce su ma ya yi musu haka a 'yan kwanakin nan. Shekarar ba ta da kyau, zukata a tsaye suke, na ji wani daga baya yana cewa dama irinsu tun da abokan cocinsu suka tafi suke cike da mu. Jatau ya juya ya dube shi, ya ce, "Ni ɗan Gozaki ne, kakana ya riga kakanka shan ruwan ƙasar nan." Malam Garba ya tsawatar, sannan ya kira ni gaba.

Ya ce, "Malam Habu, kai ka ɗaura fitilun nan?"

"Ni ne."

"Tambaya ɗaya ce. Dim ɗin motar yana aiki ko ba ya aiki?"

Na ce, "Yana aiki, Sarki. Da kaina na duba shi ranar Lahadi."

Malam Garba ya juya ga Jatau ya ce, "To ka ji. Ƙarfe ba ya ƙarya. In na'ura lafiya take, saura ƙafar da ke taka ta."

Jatau ya ce, "Na rantse da Allahn da ya yi ni na taka."

Alhaji Mamman ya miƙa hannu, Jatau ya ciro makulli daga aljihu ya sa masa. Malam Garba ya ce ba mai sake ba Jatau mota a tashar Funtuwa ko ta Malumfashi. Da zai fita ya tsaya kusa da ni, ya ce a hankali, "Rewaya, ka tabbata?" Na ce na faɗi abin da na gani.

Aka ba wani direba motar, Isiyaku. Bayan kwana goma ya zo mini da magana iri ɗaya, har da cewa an jefe shi da dutse a Bakori. A ranar na ce ya bar mini motar. Da aka idar da magariba na tsayar da ita taku ashirin daga bangon Oga, layin gawayin ya kusa gogewa. Na kunna ful, daidai. Na taka dim. Hasken ya sunkuya a hagu, amma a dama sai ya haura sama kamar tsani, ya ƙetare layin da kamu uku. Daidai tsayin fuskar direban da ke tahowa.

Fitilun ƙasar Faransa ne, an yi su don masu bin hannun dama. Bakin hanyarsu shi ne tsakiyar tamu. Na zura hannu bayan kwanon, na taɓa abin da na san yana nan: wani ɗan harshen ƙarfe mai gurbi biyu, wanda yake juya ƙwai kaɗan zuwa wannan gefe ko wancan. Na san shi sarai. A Maraɗi ni nake juya shi ga direbobin da za su shigo Katsina, har ina yi musu bayani da Faransanci. Na tura shi da babban yatsa, na yi wa ɗayan. Hasken ya kwanta ƙarƙashin layi. Aikin bai kai tsawon alwala ba.

Da safe na je gidan Alhaji Mamman na gaya masa. Yana jan carbi ya ce, "Malam Habu, ka gyara?"

"Na gyara, Alhaji."

"To alhamdu lillahi. Yanzu in ka tayar da maganar nan, 'yan'uwan Shehu ni za su biyo, ni na sayo fitilun. Kai kuma wa zai sake kawo maka mota? Garin nan ba wani rewaya. Ka bari a kwashe auduga tukuna, sai mu san yadda za a yi da yaron."

Na bari. Wannan ne nake so ku ji da kyau, don kuskuren bango kowane mai sana'a yana iya yinsa ranar da aiki ya yi masa yawa. Amma daga wannan safiya na sani, kuma wata uku ina wucewa ta gaban rumfar Malam Garba kullum, muna gaisawa, ina tambayarsa iyali.

Sai da aka rufe fuloti na sami Malam Garba na faɗa masa komai, na kai shi bangon da motar, na mayar da harshen ƙarfen yadda yake da, ya gani da idonsa. Ya riƙe baki. Ya ce, "Kai, Habu. Kai, Habu." Ya ce in je in kira Jatau, zai tara direbobi ya wanke shi.

Na hau keke zuwa Gozaki ana sharar gona. Na same shi da ƙannensa suna ƙona karan dawa, ya rame, hannunsa ya yi kanta. Ya kai ni inuwar wata ɗorawa, matarsa ta kawo ruwa da fura. Na yi masa bayani tun daga kwali har bango. Da na gama ya ce, "Yaushe ka gane?"

Da na so sai in ce jiya. Na ce, "Wata uku ke nan."

Ya tsinci kara yana zane a ƙasa. Can ya ce, "Ka san abin da ya fi damuna? Ba makullin ba. Tun ina rantsuwa na taka, har na zo ina kwana ina tambayar kaina ko dai ban taka ba. Mutum biyar sun faɗa, kai ka faɗa. Na ce to wataƙila ƙafata ce ta ci amanata. Wata ukun nan da ka riƙe, ni a cikin wannan nake."

Na ce Sarki yana kiransa, za a tara mutane, Alhaji ma zai iya ba shi wata motar.

Ya ce, "Hannun Baba Shehu zai miƙe in an tara su?"

Na ce a'a.

"Wanda ya ce irinmu cike muke da ku, shi ma fitila ce ta sa shi?" Ya tashi ya karkaɗe wandonsa. "Ka gaya wa Sarki na gode. Ka gaya wa Baba Shehu na amsa masa, sau uku na amsa. Shi kaɗai nake so ya sani. Sha furarka, Rewaya, rana tana yi, hanyarka da nisa."

Na kai saƙon. Shehu Dogo ya sa aka ɗauke shi a mota har Gozaki, abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ba a gayyace ni ba. Malam Garba ya yi sanarwa a tasha ranar kasuwa, rabin waɗanda suka yi shaida ma ba sa nan.

Bayan 'yan shekaru gwamnati ta mayar da ƙasar nan bin hannun dama. Makonni na yi ina juya harsunan ƙarfe, ina canja gilasan motocin Ingilishi, motar Alhaji Mamman ma ta zo na mayar da fitilunta daidai yadda suke ranar da na fito da su daga kwali. A wannan rikicin sauyi, fitilu rabi hagu rabi dama, kowa yana kashe wa kowa ido ba da niyya ba, direbobi suka daina ɗaukar dim a matsayin gaisuwa, kuma ba su koma ba. Ba a sake kai ƙarar kowa wurin sarkin direbobi a kan haske ba.

Jatau ya yi noma shekara talatin da wani abu a Gozaki. In ya kawo auduga Funtuwa, a bayan mota yake zama a kan buhuna, ko an yi masa tayin gaba. Bai sake riƙe sitiyari ba har ya rasu.